Jikin Firmin, Kan Baron

A unguwar Marolles, can gangaren birnin Brussels, kowa da sana'ar da aka san shi da ita, amma ta Firmin Goossens ba ta da suna. In an tambayi matarsa Leontine aikin mijinta, sai ta ce, "Yana ƙiba, yana ramewa." Ba ba'a take yi ba, iyakar gaskiyar ke nan.

Da fari ɗan dako ne a shagon wani tela mai suna Bovy, wanda ke yi wa manya ɗinki a saman gari. Shi ke ɗauko bandir ɗin yadi daga tasha. Cikin masu kawo ɗinki akwai wani basarake, Baron Halleux, mai masana'antun sukari, mutumin da ba ya iya tsayawa wuri ɗaya ko da na tsawon addu'ar cin abinci ne. Gwajin kwat kuwa a zamanin nan ba abin wasa ba ne. Sai an tsayar da mutum an ɗaga masa hannu, an zana alli, an soka allura, an kwance, ya tafi ya dawo an sake. Telolin yanzu sun bar wannan, shi ya sa ba ka ƙara ganin kafaɗar kirki a titi. Baron ya ce shi ba zai tsaya wa kowa ba, kuma in kwat ta fito da ko ɗan tattarewa ne, zai sauya tela.

Wata safiya Firmin ya sunkuya zai ajiye yadi, sai Bovy ya tsura wa bayansa ido.

"Kai, tsaya haka. Kada ka motsa."

"Me na yi, maigida?"

"Ba da kai nake ba, da bayanka nake."

Ya zaro tef daga wuyansa ya shiga awo: wuya, kafaɗa, ƙirji, tumbi, tsawon hannu, cinya. Komai ya zo daidai da na Baron, har kafaɗar hagu da ta ɗan sauka ƙasa da ta dama. Bovy ya nemi kujera ya zauna, ya yi alamar gicciye.

Daga ranar aka hana Firmin ɗaukar kaya, kada kafaɗar ta lalace. Aikinsa ya zama tsayuwa a kan ɗan akwati a tsakiyar shago, hannuwa a buɗe, ana soka masa allura a madadin Baron. Albashi mai kyau, sharaɗi ɗaya tak: duk yadda jikin Baron yake, haka nasa zai kasance.

Ga yadda ake yi. Duk farkon wata, baran da ke sa wa Baron tufafi yakan gangaro unguwa da wata igiya mai ƙulli, wadda ya zagaya tumbin maigidansa da ita. Leontine ta karɓa ta zagaya na mijinta. In igiya ta yi sako-sako, to, watan nan na soyayyen dankali ne da naman alade da giya mai kauri, ko Firmin na so ko ba ya so. In ta matse, sai romon kabeji da haƙuri. Baron kan tafi garin Spa da bazara a wanke masa ciki da ruwan maɓuɓɓuga, sai Firmin ya yi ta kallon maƙwabta suna cin abincin biki yana haɗiyar yawu. Lokacin azumin Ista kuma, da kowa ke ɗaure ciki, Baron ba ya azumi, don haka ƙanshin suya ke tashi daga gidan Firmin har bakin coci. Da Fada, limamin cocin, ya tsare shi a kan maganar, sai ya ce, "Fada, wallahi ba ni ke ci ba, Baron ne. Ni dai ina ajiye masa." Fada ya ce zai tambayi na sama da shi. Har ya bar unguwar bai kawo amsa ba.

Haka aka yi ta tafiya lafiya, sai Baron ya kamu da son kimiyya. Babu wanda ya san inda ya ɗauko ta. Shekara uku kafin yaƙin duniya na farko, ya kama wani babban otel na mako guda, ya aika wa mashahuran malaman kimiyya na Jamus da Faransa da Ingila da Holan kuɗin jirgi, ya ce su zo su zauna su gama wata gardama da ta hana su barci. Gardamar ita ce: shin zafi da haske kwarara suke yi kamar ruwa, ko kuwa faɗowa suke ɗai-ɗai kamar ƙwayar hatsi? Mutanen Marolles da suka ji labari suka ce wannan ai matsalar wanda ya ƙoshi ce.

Ranar ƙarshe ta taro za a ɗauki hoto, kuma dole mai gayya ya fito a tsakiya. Hoton wancan zamani sai an daskare, mai hoto ya buɗe idon akwatinsa ya yi ƙirga a zuci kafin ya rufe. Baron ya ce ko kusa. Yana da hoton kansa guda ɗaya da yake so, wanda aka ɗauka yana ɗan shekara hamsin, gemu a taje, ido na kallon nesa. Ya ce a nemo wancan mutumin na wurin tela a zaunar, a yanke kansa, a liƙa wannan.

Aka sa wa Firmin sabuwar kwat da falmaran da sarƙar agogo ta zinariya, aka kai shi otel ta ƙofar kicin. Mai hoton wani siririn mutum ne mai suna Achille, yatsunsa duk sun yi baƙi da ruwan wanke hoto. Ya zagaya Firmin yana dubawa kamar mai sayen doki.

"Ka ji, malam. Daga wuya zuwa ƙasa kai Baron ne, ka zauna kamar ka saya. Daga wuya zuwa sama babu kai. Wanda ba shi da kai kuwa ba ya magana. Ka gane?"

"Na gane."

"Ga shi ka fara magana."

Aka shigar da shi zauren. Hayaƙin lofe ya cika ɗakin, ga allo ya yi fari da alli, ga mutane kusan ashirin kowa na magana da yarensa, babu mai sauraron wani. An dai sanar da su cewa wakili ne zai zauna, amma lokacin sanarwar suna tsakiyar lissafi. Kuma su mutane ne da ba sa kallon fuska. Sun ga sarƙar zinariya, sun ga tumbin da ya biya kuɗin jirgi, sai suka miƙe tsaye.

Wanda aka zaunar a damansa wani Bajamushe ne mai ƙaton gashin baki, Farfesa Kuhlbrodt. Ya kama hannun Firmin da hannu biyu ya girgiza.

"Ranka ya daɗe, kai ka tara mu, kai za ka raba mu. Kwarara ne ko ƙwaya-ƙwaya?"

Firmin ya dubi Achille. Achille ya ɗora yatsa a baki. Sai Firmin ya lumshe ido, ya gyaɗa kai sama da ƙasa, sa'an nan don kada ya ɓata wa kowa ya kaɗa shi hagu da dama.

Farfesa ya saki hannunsa a hankali. "Duka biyun?" Ya juya ga na bayansa. "Baron ya ce duka biyun!"

Zauren ya kaure. Wani ya ruga wurin allo, wani ya riƙe shi ta wutsiyar kwat. Da ƙyar Achille ya jera su, ya shige ƙarƙashin baƙin zanensa yana roƙo da sunan waliyyai. Da ya buɗe idon akwatin, wannan na sosa kunne, wancan na rubutu a hannun rigarsa, wani ya waiga zai ƙarasa zagi. Firmin kaɗai, da ya shekara goma yana tsayuwar allura, ya zauna kamar dutse. Da aka wanke hoton, kai ɗaya ne ya fito tar a duk jerin, shi ne kuma aka sa wa almakashi.

Hoton ya fito a jarida ranar Asabar. Firmin ya saya, ya ninke, ya sa a ƙirji. Ranar Lahadi bayan an fito coci ya nufi mashayar Inna Zelie, inda mazan unguwa ke zama suna jiran tantabarunsu na tsere su dawo daga Faransa. Shugaban teburin shi ne Polydoor, ƙanin Leontine, mai gyaran bututun ruwa, wanda tun ranar ɗaurin aure bai bar mijin yayarsa ya sha giya cikin kwanciyar hankali ba.

Firmin ya shimfiɗa jaridar, ya ɗora yatsa a tsakiya. "To, ga ni nan."

Polydoor ya sa tabarau. "Ina?"

"Ga ni, a tsakiyar malaman duniya."

"Mijin Yaya, yaushe ka yi gemu ba ka gayyace mu suna ba?"

"Kan ba nawa ba ne. Sauran duk nawa ne."

"Af! Kan ne kawai ba naka ba." Polydoor ya juya ga jama'a. "Kun ji, ɗan abu kaɗan ne ya rage. Ni ma ina ciki, jama'a, ga ni nan. Ni ne ƙafar teburin."

"Dubi hannun mana! Dubi yatsun!"

"Biyar ne. Inna Zelie, ke nawa gare ki?"

Aka yi dariya har wani ya ƙware. Kafin tantabarar farko ta sauka, an riga an raɗa masa suna: Yallaɓai Daga-Wuya. In ya shigo mashaya, sai su miƙe su cire hula su rusuna wa tumbinsa, su ƙi kallon fuskarsa. Inna Zelie kanta takan tambayi maɓallin falmaransa abin da zai sha.

Leontine ta ce, "Rabu da su. Ni na san kai ne, ai ni na cika tumbin nan da hannuna." Ta je har mashayar ta faɗa. Polydoor ya ce shaidar mata a kan mijinta ko alƙali ba ya karɓa, balle mashaya.

Daga nan Firmin ya sa abu ɗaya a ransa. Ba ya neman ƙarin albashi, ba ya neman a san shi a saman gari. So yake teburin nan na Inna Zelie, mutum takwas ko tara masu warin kashin tantabara, su buɗe baki su ce: e, kai ne. Ya je wurin Achille ya roƙe shi hoto ɗaya da kansa na ainihi, tunda farantin gilashin da aka ɗauka da shi yana nan ba a taɓa shi ba, takarda kawai aka yanka. Achille ya ce ya rantse wa Baron, kuma Baron na da lauyoyi fiye da haƙora.

"To, bar mini kunne ɗaya. Ko gefen kunne."

"Baron mai kunne uku? Fita mini daga shago."

Sai yaƙi ya zo. Baron ya tsallake zuwa London, igiya ta daina zuwa. Brussels ta sha yunwar da har yau tsofaffi ba sa son a tuna musu. Firmin ya rame, kwat ɗin gwaji ta koma masa kamar tanti. Duk da haka duk farkon wata Leontine kan ɗauko tsohuwar igiyar ta zagaya shi, ta dubi abin da ya rage, ta mayar aljihun tebur. Da aka gama yaƙi Baron ya dawo, sabuwar igiya ta gangaro unguwa, sai da ta zagaya Firmin ta kusa komawa zagaye na biyu. Bovy ya ba shi wa'adi zuwa bazara ya cika igiyar. Wannan kaka da hunturu, duk abin da ya shigo gidan ya wuce ta bakin Firmin. Maƙwabta ma suka sa hannu, wannan ta kawo kitse, waccan ta kawo burodi, domin a ganinsu abin kunya ne unguwa ta rasa tumbinta guda ɗaya da ke zuwa saman gari. Har Polydoor ya yanka tantabaru biyu da suka daina cin tsere.

"Ba don kai ba ne," in ji shi. "Don Baron ne. Kai dai miƙa masa."

Taro na biyu ya zo bayan yaƙi. Ba a gayyaci Jamusawa ba, don haka zauren ya yi shiru, gardamar ma ba ta yi armashi ba. Wannan karon Firmin ya zo da dabara. Daidai lokacin da Achille ya buɗe idon akwati, sai ya ɗaga hannun dama ya tallabe haɓarsa, yatsu a kan kumatu. Tunaninsa, ba za a iya yanke kai ba sai an yanke hannu, hannu kuwa na Baron ne. Achille ya fito daga ƙarƙashin zane ya yi masa wani irin kallo. Da hoton ya fito, an liƙa kan Baron a bisa komai, hannun ya shige cikin gemu ya ɓace har wuyan hannu. Jaridu suka rubuta cewa a nan an ga mutum mai zurfin tunani. Baron ya ji daɗi ƙwarai, ya sa aka ƙara wa Achille lada, aka yi ƙaton hoton aka rataye a ofishinsa.

Polydoor ya duba ya ce, "Ka ga, da a ce kai ne, da hannun a farantin abinci yake."

Wani abu da babu wanda ya tanka a kai shi ne, malaman sun yi furfura, wasu sun yi sanƙo, amma kan Baron na nan a shekara hamsin, yana kallon nesa.

Bayan wasu shekaru Baron ya mutu, a tsaye, yana yi wa wani faɗa ta waya. Firmin ya ɗauka aikinsa ya ƙare. Sai ga baran nan ya gangaro da igiya ta ƙarshe da saƙon uwargidan Baron: za a ci gaba da taro, kuma maigidanta zai ci gaba da fitowa a hoto, domin bai taɓa fashi ba, ba kuwa zai fara yanzu ba. Firmin ya riƙe wannan awon, kada ya ƙara, kada ya rage. Leontine ta ce wannan ne karo na farko tun aurensu da ta san abin da za ta dafa gobe.

A taro na uku Jamusawa sun dawo, kuma an zo da sababbin malamai matasa masu sababbin fitinu. Yanzu cewa ake ƙwayar zarra ba ta da takamaiman wuri sai an dube ta, kuma in ka san inda take, ba ka san gudunta ba. Tsofaffi na cewa wannan hauka ne, matasa na cewa hauka ne amma lissafi ya fita. Aka sake zaunar da Firmin kusa da Farfesa Kuhlbrodt, wanda gashin bakinsa ya yi fari fat. Farfesa ya dubi sarƙar agogon, ya dubi tumbin, ya ɗan ja kujerarsa baya.

"Ranka ya daɗe, ka gafarce ni. Na karanta a jarida cewa ka rasu."

Firmin ya manta da doka. "Haka ni ma na ji."

"Amma ga ka."

"Sai in za a ɗauki hoto."

Farfesa ya zaro hankici ya goge goshi. Ya waiga wurin matasan da ke tsaye a baya ya ce musu da murya ƙasa-ƙasa, "Na janye maganata ta ɗazu. Ku ci gaba." Aka ce har ya koma ƙasarsa bai ƙara musu da kowa ba.

Wannan ne zaman Firmin na ƙarshe. Uwargidan Baron ta bi mijinta, magada suka sa aka sassaƙa shi da dutse daga ƙirji zuwa sama, suka ce daga yanzu dutsen za a riƙa ajiyewa a tsakiya, ba ya cin albashi. Bovy ma ya rufe shago. Firmin ya wayi gari da jikinsa a hannunsa, bai san abin da zai yi da shi ba.

Sai ya hau taragon cikin gari ya tafi wurin Achille. Ya tarar shagon ya yi ƙura, domin yanzu kowa na da ƙaramar kyamara a aljihu, babu mai zuwa a daskarar da shi. Achille ya tsufa, yana cin burodi ba man shanu.

"Wanda ka rantse wa ya mutu," in ji Firmin. "Matarsa ta mutu. Lauyoyin fa?"

"Suna cinye magada."

Achille ya hau tsani ya sauko da farantin gilashin taron farko, ya hure ƙurar. Ya wanke hoton a babbar takarda, ya sa masa katako da gilashi. Firmin ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ga malaman duniya a jere, fuskokinsu dishi-dishi, ga shi a tsakiya tar, da ƙananan idanunsa da kunnuwansa masu fiƙe, yana kallon gaba kamar wanda ake soka wa allura. Bai taɓa ganin kansa a hoto ba sai ranar. Ya ga ashe yana da ƙuruciya a lokacin.

Ranar Lahadi ya shiga mashayar da hoton a naɗe cikin mayafin tebur. Ya nufi teburin kai tsaye. Ya ture kofuna, ya ajiye, ya yaye mayafin.

Mutanen teburin suka matso. Polydoor ya sa tabarau, ya cire, ya goge, ya mayar. Ya ɗauki hoton ya kai bakin taga. Ya karkata shi. Sa'an nan ya yi wani dogon fito.

"Kai! Mijin Yaya, wa ya yi maka wannan aiki?"

"Babu aikin da aka yi. Shi ne na ainihi."

"Na ainihin ai duk duniya ta san shi, yana cikin littafin makarantar jikana, da gemu. Amma wannan mutum gwani ne. Ku zo ku ga inda ya haɗa, jama'a." Ya ɗora farce a kan layin kwalar riga. "Ga shi nan, in ka lura."

"Wannan kwala ce, jaki!"

"Ai a nan gwanintar take. Nawa ya karɓa?"

Firmin ya rantse da kabarin uwarsa. Ya ce su je su tambayi Achille. Kuskuren da ya yi ke nan, domin sun je. Achille ya gaya musu gaskiya tsakani da Allah, suka ce madalla, mai sana'a ba ya tona asirin mai saye, shi ya sa za su amince masa. Polydoor ya ajiye kuɗi a kan tebur. Achille ya dubi kuɗin, ya dubi burodinsa, ya ɗauko almakashi.

Kafin Kirsimeti bangon mashayar Inna Zelie ya cika. Ga Polydoor a tsakiyar malaman kimiyya da sarƙar zinariya. Ga mahauci, ga mai sharar bututun hayaƙi, ga mai kaɗa ƙararrawar coci. Ga Inna Zelie da kanta, da ɗankwali, a kan faffaɗan ƙirji da falmaran. Da tantabarar Polydoor ta ci babban tsere, ita ma aka kai ta aka ɗauki kanta aka faɗaɗa, ta zauna kusa da Farfesa Kuhlbrodt da hannuwa a kan gwiwa. Aka rataye na Firmin a cikinsu, kusa da ƙofar bayan gida, domin ra'ayin teburin ya zo ɗaya cewa a cikin duka nasa ne bai zauna daidai ba, kan ya yi wa jikin ƙanƙanta.

Ya yi fushi na wata biyu, ya koma shan giya a wata unguwa, inda babu wanda ya san shi balle ya ƙaryata shi, sai ya ji giyar ba ta da ɗanɗano. Ya dawo. Abin da ya tarar shi ne, duk wanda zai je wurin Achille sai ya biyo ta teburinsa tukuna, ya saya masa kofi ɗaya, ya ce, "Daga-Wuya, yaya zan riƙe wuyana don ya hau daidai?" Firmin kan miƙe ya kama haɓar mutum ya karkata ta kaɗan zuwa hagu, saboda kafaɗar nan da ta sauka. In ya ce, "To, in ba jikina ba ne, me ya sa kuke tambayata?" sai su ce, "Ai kai ka fara, ka fi mu gogewa."

Ya rayu shekaru masu dama bayan haka, yana cin abin da ya ga dama, amma jikin ya ƙi ya ƙara, ya ƙi ya rage. Ya rasu da kaka, da rana tsaka, a kan kujerarsa. Leontine ta sa aka yi masa sutura da kwat ɗin taron farko, wadda magadan Baron ba su taɓa tambaya ba, ta kuwa zauna masa cif. Aka kwantar da shi a ɗakin gaba, akwatin a buɗe, kyandir a kai da ƙafa, mutanen unguwa na shigowa suna yayyafa ruwa mai tsarki.

Mutanen teburin suka shigo tare, huluna a hannu. Polydoor na gaba, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya tsaya a kan akwatin, ya dubi kwat ɗin, ya dubi hannuwan, ya dubi yadda kafaɗar ta kwanta. Ya laluba aljihu ya sa tabarau. Sa'an nan ya sunkuya, ya sa yatsa a cikin kwalar rigar, ya bi wuyan a hankali daga wannan kunne zuwa wancan.

"Polydoor, me kake yi wa mijina?" in ji Leontine.

"Tsaya, Yaya."

Ya sake bi ta ɗaya gefen. Ya miƙe da ƙyar, ya cire tabarau, ya juya ga sauran da ke jira a bayansa.

"Babu gam," ya ce. "Shi ne."